Mene ne Safari, Kuma Me Ake Saya da Kuɗin Masaukin Alfarma a Cikin Daji?

Kalmar safari ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe, ko da bai taɓa taka ƙasar Kenya ba. Asalinta Larabci ne, daga safar, wato tafiya, kuma daga wannan saiwa ce Hausa ta samo safara, irin wadda fatake ke yi idan sun kai kaya wani gari sun saro wasu. Har yau masu magana da harshen Swahili suna kiran tafiya mai nisa safari, ko ta ciniki ce ko ta ziyarar dangi. Turawan da suka shigo Afirka ta Gabas a ƙarni na 19 ne suka ari kalmar daga bakin ayarin 'yan dakonsu, sannan a hankali suka ƙuntata ma'anarta ta koma tafiyar farautar manyan namun daji, musamman bayan shahararriyar farautar da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya yi a yankin a 1909. Da Kenya ta haramta farautar namun daji a 1977, sai ma'anar ta sake juyawa, kyamara ta ɗauki wurin bindiga. Ko da yake akwai ƙasashen da ke ba da lasisin farauta har yanzu, safari a bakin yawancin mutane a yau yana nufin zuwa gandun daji domin kallon dabbobi a inda Allah Ya halicce su.

Ragowar zamanin farauta tana nan a cikin wata kalma da ke cika tallace-tallace, wato Manyan Biyar: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Ba don girman jiki aka ware su ba, domin da haka ne da dorina da raƙumin dawa sun shiga. Maharba ne suka ware su saboda su ne mafiya haɗari ga mai bin sawu a ƙafa.

Masaukan da ake sauka a wannan tafiya iri biyu ne a asali. Na farko shi ne abin da ake kira loj, gini ne tabbatacce na dutse ko katako, da ɗakuna da zauren cin abinci, sau da yawa har da wurin ninkaya. Wanda ya taɓa kwana a Wikki cikin gandun Yankari ya san tsarin, ko da matakin ƙawa ya bambanta. Ɗaya daga cikin tsofaffinsu shi ne Treetops na Kenya, wanda aka fara ginawa a kan bishiya a 1932, kuma a can ne Gimbiya Elizabeth ta kwana a daren da mahaifinta ya rasu a 1952, ta sauko tana sarauniyar Ingila. Na biyu shi ne sansanin tantuna, kuma a nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin da an ce tanti sai hankali ya tafi ga na 'yan gudun hijira ko na Mina. Tantin alfarma ɗaki ne cikakke, akan kafa shi a kan dandamalin katako, da gado da banɗaki da ruwan zafi, sai dai bangonsa ƙyalle ne mai kauri, wanda ke bari mutum ya ji gurnanin zaki da kukan kura da dare kamar a bakin ƙofarsa. Yawancin irin waɗannan sansanoni ba su da shinge, shi ya sa ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai bayan magariba sai da rakiyar mai gadi, kuma da yawa daga cikinsu ba sa karɓar ƙananan yara. Akwai kuma sansanin da ke ƙaura, wanda ake naɗe shi a sake kafawa a wani wuri gwargwadon inda garke ya nufa, kamar yadda makiyayi ke tashi da rugarsa.

To, me ya sa kwana ɗaya a wasu daga cikin waɗannan tantuna, musamman a fadamar Okabango ta Botswana a tsakiyar kakar baƙi, ke haura dala 2,000 ga mutum guda, alhali ana samun ɗaki mafi faɗi a babban otal na birni da kuɗin da bai kai rabin wannan ba? A ganina duk wanda bai gane amsar wannan tambaya ba, zai yi zaɓen tumun dare. Gado da kafet da kwanon wanka ba su ne ake saya ba. Abin da ake saya shi ne wuri, da ƙarancin jama'a, da ƙwarewar ja-gaba.

Batun wuri ya rataya ne a kan wanda ke da ikon ƙasar da masaukin ke kai. A gandun gwamnati, irin Kruger na Afirka ta Kudu da aka kafa a 1926, ko Masai Mara na Kenya, ƙofa a buɗe take ga duk wanda ya biya, kuma dokoki suna da tsauri: mota ba ta sauka daga kan hanya, kuma dole a koma masauki kafin dare. Sakamakon haka, idan aka ga damisa a kan bishiya a lokacin cunkoso, kafin ƙiftawa da bismilla motoci sun kewaye ta, direbobi suna kiran juna ta rediyo. A gefen waɗannan gandaye kuwa akwai filaye masu zaman kansu. Sabi Sand, alal misali, yana maƙwabtaka da Kruger, kuma tun 1993 aka cire shingen da ke tsakaninsu, saboda haka dabbobin ɗaya ne, suna kai da kawowa yadda suka so. Bambancin shi ne a nan baƙon masaukin kaɗai ke shiga, direba yana iya barin hanya ya bi damisa cikin ciyawa, kuma ana fita da fitila da dare. A Kenya tsarin ya ɗauki wata siga wadda ta fi burge ni. A filayen Mara North da Naboisho da Olare Motorogi, makiyaya 'yan ƙabilar Masai ne masu ƙasa, suka haɗa filayensu suka ba masu sansanoni haya, ana biyan kowane mai fili kuɗi a kai a kai, an ƙayyade yawan gadaje da yawan motocin da za su tsaya a kan dabba ɗaya, kuma ana tsara kiwon shanu a wasu sassa bisa yarjejeniya. Botswana ita kuwa ta mai da wannan ya zama manufar ƙasa: baƙi kaɗan, kuɗi mai yawa, ta yadda sansani mai tantuna takwas ko goma zai riƙe daji mai faɗin gaske shi kaɗai.

Lokaci ma wani ɓangare ne na wuri, domin masauki mafi kyau a watan da bai dace ba ɗaki ne kawai a cikin ciyawa. Mafi shaharar abin kallo a Afirka ta Gabas shi ne ƙaurar dabbar da ake kira nyumbu da Swahili, mai kama da kanki amma da geza da gemu, wadda sama da miliyan ɗaya ke zagaye tsakanin Serengeti na Tanzaniya da Masai Mara tare da jakunan dawa da bareyi, suna bin ruwan sama. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, inda suke tsallake kogin Mara kadoji na jiran su. A watan Fabrairu kuwa suna can kudancin Serengeti, wajen Ndutu, suna haihuwa. Wanda ya kama ɗaki a arewa a Fabrairu saboda hoton tsallake kogi da ya gani, ya biya kuɗin abin da ke can nesa da shi. Okabango ta fi ban mamaki, domin ruwan da ke cika ta daga tsaunukan Angola yake tasowa, yana ɗaukar watanni a hanya, sai ya iso tsakanin Yuni da Agusta lokacin da rani ya kama a Botswana. A can akwai sansanonin ruwa, inda ake zagaye da kwalekwalen da suke kira mokoro, ana tura shi da dogon gora, akwai kuma na tudu inda ake fita da mota, kuma mai son ganin zakoki ya kamata ya tambaya wanne ne kafin ya biya. A Ngorongoro na Tanzaniya, wani babban kwari da ke cikin ramin tsohon dutse mai aman wuta, ba a kwana a cikin kwarin, masaukan da ke kallonsa a bakin dutsen suke, a tsawon da ya haura mita 2,000, kuma sanyin asubar wurin yakan ba wanda ya zo da kayan zafi mamaki.

Ja-gaba shi ne ginshiƙin da ba ya fitowa a hoton talla. Ana fita sau biyu a rana, da sassafe da kuma bayan la'asar, domin da rana tsaka dabbobi suna cikin inuwa, kuma a waɗannan sa'o'i baƙo yana hannun mutumin da ke karanta sawu a ƙasa, yana gane kukan gargaɗin biri ko na tsuntsu, ya san inda zakanya ta ɓoye 'ya'yanta, ya kuma san nisan da zai tsaya don kada ya takura mata. A kwarin Luwangwa na Zambiya, inda Norman Carr ya assasa safarin ƙafa, ana barin mota gaba ɗaya a bi daji a ƙasa tare da ma'aikacin gandu mai bindiga, kuma a nan ne ake gane cewa mai nema yana tare da samu idan ya samu wanda ya san daji. Saboda haka tambayar mutum nawa ake zubawa a mota ɗaya, da shekara nawa ja-gaban ya yi a wannan daji, ta fi tambayar faɗin ɗaki amfani.

Farashin da ake rubutawa galibi na mutum ɗaya ne a dare ɗaya idan biyu za su raba tanti, kuma wanda ya zo shi kaɗai yakan biya ƙari. Yakan haɗa abinci da fita daji, amma ba kullum yake haɗa kuɗin shiga gandu ba, wanda a Masai Mara ya kai dala 200 a rana ga baƙon waje a rabin shekara na biyu tun 2024, haka nan kuɗin ƙaramin jirgin da ke sauke mutum a filin ƙasa, inda ba a yarda da akwati mai tauri ba kuma nauyin jaka bai wuce kilo 15 ba a yawancin jiragen Afirka ta Gabas. Musulmi yana da tasa tambayar, domin a irin waɗannan wurare giya tana cikin kuɗin, kuma wasu, musamman a kudancin Afirka, suna dafa naman daji. Sansani mai nisa yana shigo da cefanensa ne ta mota ko jirgi kwanaki kafin isowar baƙo, don haka mai buƙatar naman yanka sai ya faɗa tun lokacin kama ɗaki, ba ranar da ya sauka ba. A dajin da ke da ƙudan tsando kuma, baƙin tufafi da shuɗi mai duhu suna jawo shi.

Akwai tambaya ɗaya da nake ganin ba ta kamata a bari ba, ita ce ina kuɗin ke zuwa. Ba kowane fili mai kyau aka samu da yardar masu shi ba. Rikicin Loliyondo a Tanzaniya a 2022, inda aka shata ƙasar kiwon Masai domin namun daji har aka yi arangama da jami'an tsaro, ya nuna haka. Masaukin kirki ba ya jin nauyin bayyana wa yake biyan haya, da yawan 'yan yankin da ke cikin ma'aikatansa. Gandun Zakuma na Chadi misali ne na kusa: giwayensa sun ragu daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010 saboda masu farautar haure, shekarar da ƙungiyar African Parks ta karɓi tafiyar da shi tare da gwamnati, kuma daga baya garken ya koma haihuwa. Sansanin tantunansa na alfarma ana kafa shi ne da rani kawai, kuɗin da baƙi ke biya yana komawa cikin aikin gandun, kuma da damina ta sauka ruwa ya malale filayen, sai a naɗe tantunan a bar wa giwaye dajinsu har wata shekara.