Sojojin Wasa na Dā: Gane Maƙerinsu da Bambance na Ainihi da Jabu

Sojojin wasa ƙananan siffofi ne na mayaƙa, na ƙasa da na doki, waɗanda masana'antun Turai da Amurka suka riƙa ƙerawa domin yara, yawanci da dalma, daga baya kuma da roba. Yau manya ne ke neman su. Akwai masu tarawa a Ingila da Jamus da Faransa da Amurka, akwai gidajen gwanjo da ke ware musu rana guda, kuma saiti ɗaya da aka saya kan sule guda a Landan fiye da shekara ɗari da suka wuce yana iya zama abin da ake tayawa da kuɗi masu kauri. Inda kuɗi ya shiga, jabu yakan biyo baya. Shi ya sa gane wanda ya ƙera soja, da lokacin da aka ƙera shi, da abin da aka taɓa masa daga baya, ya zama ilimi mai zaman kansa.

Abin da aka yi shi da shi

Kafin a nemi suna ko tambari, sai a fara da jikin sojan, domin kowace ƙasa da irin zubinta. Mafi daɗewa su ne na falle, marasa kauri, waɗanda aka san birnin Nuremberg na Jamus da su tun ƙarni na 18. Gidan Heinrichsen, wanda aka kafa a can a 1839, shi ya yaɗa awon milimita 30 da ake dangantawa da birnin. Sai masu cikakken jiki waɗanda cikinsu dalma ce cunkus, irin na Heyde a Dresden da na Lucotte da Mignot a Paris. Waɗannan suna da nauyi a hannu, kuma sau da yawa kan sojan daban aka zuba shi aka cusa a wuya.

A 1893 William Britain ƙarami ya fito da wata dabara a Landan. Ana zuba narkakkiyar dalma a mazubi, a juye ta nan take kafin tsakiyar ta daskare, sai a sami soja mai rami a ciki. Dalma kaɗan ake ci, kaya ba nauyi, farashi ya sauka, kuma da haka kamfanin gidansu, wato Britains, ya ƙwace kasuwar Ingila daga hannun Jamusawa. Alamar wannan zubi ita ce ɗan huji, galibi a saman kai ko hula, inda dalmar ta fita. Tsayin sojan ƙasa na Britains milimita 54 ne, awon da har yanzu ake ɗauka a matsayin mizani.

Nau'i na huɗu ba ƙarfe ba ne. Kamfanonin Elastolin da Lineol na Jamus sun riƙa cuɗa garin katako da gam da farar ƙasa, su matse a kan ƙashi na waya. Lineol yakan tsayar da sojansa a kan dandamali mai kusurwa huɗu, Elastolin kuma a kan mai siffar ƙwai, kowanne da sunansa a ƙasa. Tsagewa a ƙafa ko hannu ba abin mamaki ba ne a wannan nau'i, saboda wayar ciki tana tsatsa ta kumbura idan ta sha raɓa.

Rubutun ƙasan dandamali

Mai saye yakan fara juya soja ya dubi ƙasansa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Sojojin farko na Britains ba su da wani rubutu. Da masu kwaikwayo suka yi yawa, sai daga 1900 kamfanin ya fara liƙa 'yar takarda a ƙasan dandamali mai ɗauke da sunan William Britain da kwanan wata, daga baya aka sassaƙa rubutun a cikin mazubin kansa. A wajen mahaya, a ƙarƙashin tumbin dokin ake samun rubutun. A 1902 Britain ya kai ƙarar kamfanin Hanks a kotu kan satar fasalin sojansa, ya kuma yi nasara, domin kotu ta ɗauki sojan wasa a matsayin aikin sassaƙa da doka ke karewa.

Kwanan watan da ke ƙasan soja ranar rajistar fasalin ce, ba ranar da aka zuba wannan sojan ba. Mazubi ɗaya yakan yi aiki shekara da shekaru, saboda haka soja mai ɗauke da 1901 yana iya kasancewa na shekaru goma ko fiye bayan haka. Abin da kwanan watan ke tabbatarwa kawai shi ne sojan bai girmi wannan rana ba. Sauran shaida sai a nemo ta a wani wuri. Dandamalin Britains ya fara da siffar ƙwai, ya koma mai kusurwa huɗu a farkon ƙarni na 20. Kalmar “Ltd” ba za ta fito a kan abin da ya riga 1907 ba, shekarar da kamfanin ya ɗauki wannan suna. Kalmar “Déposé”, wadda ke nufin an yi rajista da Faransanci, ta shigo ne domin kare fasali a Faransa, inda Britains ya buɗe reshe a Paris, kuma ganinta kaɗai bai nuna cewa a can aka yi sojan ba. Har gashin baki shaida ne: sojojin Birtaniya na farko ana zana musu shi, aka daina dab da Yaƙin Duniya na Biyu.

Sauran masana'antu kowacce da halinta. Lucotte yana sa haruffan L da C da ƙudan zuma a tsakaninsu. Kamfanin John Hill, wanda wani tsohon ma'aikacin Britains mai suna George Wood ya kafa, yakan rubuta “Johillco”. Heyde kuwa yawancin sojojinsa ba su da suna ko kaɗan, kuma masana'antar ta ƙone a ruwan bama-baman da aka yi wa Dresden a 1945, don haka ana gane kayansa ne ta yanayin tsayuwa da fenti da kwali. Wannan ya sa ake jingina wa Heyde sojojin Jamus da yawa waɗanda ba nasa ba ne.

Sunan ƙasa ma yana ƙayyade zamani. Dokar Birtaniya ta 1887 da ta Amurka ta 1890 su suka sa aka fara rubuta ƙasar da kaya suka fito. Abin da aka rubuta wa “West Germany” bai riga 1949 ba, wanda kuma ke ɗauke da “Occupied Japan” na shekarun mamayar Amurka ne bayan yaƙi, zuwa 1952.

Fenti

A ganin masu tarawa, darajar soja tana cikin fentinsa na asali. Soja mai ƙujewa a hanci da gwiwa amma da fentin masana'anta ya fi wanda aka sake wa fenti tas, ko da na biyun ya fi kyan gani. Mata ne suka fi yin aikin fenti a Britains, da hannu, cikin sauri: ɗigo biyu na ido, ɗan ja a kumatu, layin ɗamara da jan buroshi ɗaya. Mai gyara na yau yana da lokaci, don haka aikinsa yakan fi tsafta fiye da kima, kuma wannan tsaftar ce ke tona shi.

Da madubin ƙara girma ana duba bakin wurin da fenti ya ɓare. Idan sabon launi ya hau kan tsohon ɓari ya cike shi, an taɓa sojan. Tsohon fenti yana da 'yan tsage-tsage sirara, ƙura ta zauna a lungunan hammata da ƙarƙashin jaka. Ana kuma haska fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita a banki, domin sabon fenti da tsoho ba sa amsa hasken iri ɗaya. Wani lokaci hanci ma ya isa, tunda sabon fenti yakan daɗe yana wari a cikin rufaffen kwali.

Sake zubi da haɗe-haɗe

Mai yin jabu yakan ɗauki soja na gaske ya yi mazubi da shi, saboda haka har rubutun ƙasa yana fitowa. Sai dai rubutun yakan yi dishi-dishi, maɓallan riga da igiyar bindiga su dakushe, sojan ya ɗan gaza na asali tsayi saboda ƙarfe yana tsukewa idan ya huce. Mafi yawan irin wannan zubi cunkus ne, don haka idan aka ɗora na asali a tafi ɗaya, shi a ɗaya, nauyin zai nuna. Ba duk mai sake zubi ne maha'inci ba. Akwai masu sayar da kawuna da hannaye na gyara a fili, kuma ba laifi a mayar wa soja hannun da ya karye muddin an gaya wa mai saye. Ha'incin yana farawa ne lokacin da aka ɗauki soja na gama-gari, aka sauya masa kai da launin riga, aka sayar da shi da sunan runduna mai wuyar samu.

Kwali

A zamanin dalma, Britains ya riƙa sayar da kayansa ne saiti-saiti, mafi yawa sojan ƙasa 8 ko mahaya 5, a ɗaure da zare jikin takarda mai kauri cikin dogon jan kwali. Kowane saiti da lambarsa: na 1 shi ne dakarun dokin sarautar Ingila, na 48 mahaya raƙuma na Masar, na 116 sojojin ƙasa na Sudan. Takardun murfi da mai zane Fred Whisstock ya sa wa hannu suna nuna zamanin da ya fara kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kai shekarun 1930, masu rubutun “Regiments of All Nations” kuma na bayan yaƙi na biyu ne.

Kwali yana ƙara wa saiti daraja ƙwarai, shi ya sa ake cika tsohon kwali da sojojin da aka tsinto daga wurare daban-daban. Ana kama wannan ta jera su a tebur cikin hasken rana. 'Yan kwali ɗaya sukan zo da ja iri ɗaya, koren dandamali iri ɗaya, fuska da hannun mai fenti ɗaya. Idan jami'in saitin yana kan dandamali mai siffar ƙwai, sauran kuma masu kusurwa, sai a ƙara bincike, ko da yake masana'anta da kanta takan haɗa tsofaffin kaya da sababbi a lokacin sauyi.

Zamanin roba

Britains ya sayi kamfanin Herald mai yin sojojin roba a 1959, ya kuma daina zubin dalma mai rami a 1966 saboda haɗarin dalma ga yara. A 1971 ya fito da jerin Deetail, soja na roba a kan dandamalin ƙarfe. Masana'antun Hong Kong sun kwaikwayi fasalin Herald da yawa, kuma kwafin yakan fi ƙanƙanta, da saura-sauran roba a gefe inda mazubi ya haɗu. Amma rubutun “Hong Kong” kaɗai ba hujjar jabu ba ne, domin Britains da kansa ya mayar da aikin Herald can.

Lalacewar dalma

Farin gari ko toka-toka a jikin soja alama ce ta cin dalma, wanda tururin tsami daga wasu katakai, musamman oak, da damshi ke jawowa. Yana farawa a ƙarƙashin fenti, ya kumbura shi, ƙarfen ya riƙa marmashewa. Ana raba irin wannan soja da sauran, a ajiye kaya a wuri busasshe mai shan iska. Garin guba ne, don haka a wanke hannu bayan an taɓa, kuma kada a bai wa yaro tsohon sojan dalma ya yi wasa da shi.