Husufin Rana: Tambayoyi da Amsoshi kan Al'adun Masu Duba Taurari da Yadda Ake Kallonsa Ba Tare da Cutar da Ido Ba

Me ke faruwa a sama idan aka ce an yi husufin rana?

Wata ne yake giftawa tsakanin rana da duniya, sai inuwarsa ta sauka a kan wani yanki na ƙasa. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, amma kuma ta fi shi nisa daga gare mu kusan sau 400, shi ya sa a idonmu suke zama kusan kai ɗaya, har ƙaramin ya iya rufe babbar ruf. Idan ya rufe ta gaba ɗaya an sami cikakken husufi, idan gefe kawai ya ci an sami na ɓangare, idan kuwa ya yi ɗan nisa da duniya a lokacin, sai ya kasa rufe ta duka, a ga zoben haske kewaye da shi.

Husufin rana ba ya aukuwa sai a ƙarshen wata, kafin tsayuwar sabo, kamar yadda husufin wata ba ya aukuwa sai a tsakiyarsa, lokacin da ya cika. Abin da ya hana a riƙa yinsa kowane wata shi ne hanyar da wata yake bi ta karkace daga hanyar rana da kimanin digiri 5, don haka galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasa da ita. Hanyoyin biyu suna haɗuwa ne a wurare biyu kawai, kuma sai wata da rana sun zo kusa da ɗaya daga cikin mahaɗun nan ake samun husufi. A riƙe zancen mahaɗun nan biyu, domin a kansu masu duba taurari suka gina yawancin abin da suke faɗa.

Waɗanne al'adu ne masu duba taurari suke ɗorawa a kan husufi?

Inda abin ya fi ƙarfi a yau shi ne Indiya. A ilimin taurarin mabiya addinin Hindu, mahaɗun nan biyu suna da suna, Rahu da Ketu, kuma ana lissafa su cikin taurari tara masu tasiri a rayuwar ɗan Adam, duk da cewa babu wani jiki a wurin da za a iya gani ko taɓawa. Tatsuniyarsu ta ce wani aljani ne ya yi shigar burtu ya sha ruwan dawwama tare da alloli, rana da wata suka tona masa asiri, aka fille masa kai kafin ruwan ya wuce maƙogwaronsa. Kan shi ne Rahu, gangar jikin ita ce Ketu. Tun daga nan kan yake bin rana da wata da gaba, yana haɗiye su, amma da yake ba shi da ciki sai su fice ta wuyan da aka yanke.

Daga wannan labari aka fitar da dokoki. Awa 12 kafin husufin rana, ko awa 9 kafin na wata, ake shiga wani lokaci da suke kira Sutak, wanda suke ɗauka na ƙazanta ne. Ba a girki, ba a cin abinci, ba a fara sabon aiki, kuma manyan wuraren bauta da yawa sukan rufe ƙofofinsu sai an yi musu wankan tsarki bayan husufin ya wuce. Abincin da ya rage a gida akan jefa masa ganyen tulsi, wani ɗan uwan ɗoɗɗoya, ko wata ciyawa da suke tsarkakewa, wai don kada ya gurɓace. Mai juna biyu ana hana ta fita, ana kuma hana ta riƙe wuƙa ko allura. Bayan an gama sai wanka da sadaka, kuma a garin Kurukshetra da ke jihar Haryana dubun dubatar mutane ne suke taruwa su yi wanka a tafkunan garin ranar husufin rana.

Indiya kaɗai ce ke da irin wannan?

A'a. A daular Assuriya, a arewacin Iraƙi ta yau, masu duba na fada sun ɗauki wasu nau'o'in husufi a matsayin alamar mutuwar sarki, kuma maganin da suka samo ya fi cutar muni. Sai a ɗauko wani mutum a sa masa kayan sarauta a ɗora shi a kan karaga, sarkin gaskiya kuma ya ja da baya, har a wasiƙu a riƙa kiransa "manomi" don ɓad da sawu. Bayan wasu kwanaki, waɗanda kan iya kaiwa 100, sai a kashe sarkin aron, a ce mugun abin ya faɗa a kansa. An yi haka a zamanin Sarki Esarhaddon, a ƙarni na bakwai kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A tsohuwar ƙasar Sin kuwa cewa aka yi wata dabbar sama ce take cin rana, sai a fito da ganguna da tukwane a yi ta bugawa don a razana ta.

Wannan na ƙarshe ba baƙo ba ne a wurinmu. Bahaushe yakan ce rana ta kama wata, wai ya ratse ya bi mata hanya, kuma akwai garuruwan da yara ke fitowa da gwangwanaye da tsofaffin kwanoni suna kaɗawa, ana roƙon ta yi haƙuri ta sake shi. Kullum kuma tana sakinsa, abin da ya sa irin wannan al'ada take da wuyar mutuwa a ko'ina, domin duk wanda ya buga gwangwani zai ga kamar bugunsa ne ya yi aiki.

Idan masu duba suna faɗin ranar husufi kuma ya auku, wannan bai nuna suna da gaskiya ba?

Ya nuna lissafinsu daidai ne, wannan kuwa daban yake da fassarar da suke ɗora masa. Mutanen Babila sun gano tun da daɗewa cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da kimanin awa 8, kuma duk wanda ya riƙe wannan zagaye da kyakkyawan rubutun abin da ya gabata zai iya hasashen na gaba. A Indiyar ma, wani masanin lissafi da falaki mai suna Aryabhata ya bayyana tun shekarar 499 cewa inuwar wata da ta duniya ce ke haddasa husufi. A 1504, da Baturen nan matuƙin jirgin ruwa Christopher Columbus ya maƙale a tsibirin Jamaika mutanen wurin suka daina ba shi abinci, jadawalin falaki ya duba ya ga za a yi husufin wata, sai ya tsorata su da cewa fushin Ubangiji ne zai sauka a kansu. Watan ya yi ja kamar yadda ya faɗa, abinci ya dawo, alhali abin da yake hannunsa bai wuce takardar lissafi ba.

Game da abinci da masu juna biyu, hasken ranar husufi shi ne dai hasken kullum, sai dai ma raguwa da ya yi. Babu wani sabon tururi ko guba da ke saukowa, tuwon da aka tuƙa da safe yana nan yadda yake, ɗan da ke ciki kuma bai san ana yi ba.

Me Musulunci ya tanada?

Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina an yi husufin rana, kuma masana falaki suna danganta shi da na 27 ga Janairu, 632. Mutane suka ce saboda rasuwar yaron ne. Manzon Allah (SAW), yana cikin jimamin rashin ɗansa, ya gyara musu zance, ya ce rana da wata ayoyi ne biyu daga cikin ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci a yi addu'a da kabbara da sallah da sadaka idan an gani. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma shi kaɗai ya isa ya rushe duk wata fassarar da ke ɗaura husufi a kan makomar sarki ko talaka.

Sallar raka'a biyu ce, ba kiran sallah ba iƙama, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, ana tsawaita karatu. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, ta rana ana yin ta cikin jam'i a masallaci da karatu a asirce, ta wata kuwa kowa yana yin tasa shi kaɗai kamar sauran nafiloli. Wasu mazhabobin suna da nasu bayani kan bayyana karatu da yin jam'i a duka biyun.

To ina haɗarin yake?

A ido. A ranar da ba husufi, mutum ba ya iya tsayar da ido a kan rana, domin ƙyallinta yana tilasta masa kau da kai nan take. Idan wata ya rufe yawancinta sai ƙyallin ya ragu, mutum ya sami damar ƙura mata ido, alhali ɗan siririn gefen da ya rage yana da zafin hasken da yake da shi kullum. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girma a tsakar rana ya san yadda ake tara haske a wuri ɗaya. Ido ma haka yake yi, yana tattara hasken a kan wani tantani da ke can bayansa, a daidai wurin da muke karatu da gane fuskoki da shi. Tantanin nan ba ya jin zafi, don haka ɓarnar takan auku mutum yana murmushi, sai bayan awoyi ko washegari ya fara ganin wani tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, ko layuka su riƙa karkacewa. Bayan husufin 21 ga Agusta, 2017, likitoci a birnin New York sun ɗauki hoton cikin idon wata matashiya da ta kalli rana na daƙiƙoƙi kaɗan, suka tarar tabon da ke ciki yana da siffar jinjirin wata, wato siffar ranar da ta kalla.

Wasu sukan sami sauƙi cikin watanni, wasu kuma tabon yakan zauna musu har abada, kuma babu wani magani tabbatacce da ke goge shi. Wanda ya ga irin waɗannan alamu ya tafi wurin likitan ido, kada ya tsaya ɗiga tozali ko ruwan ganye.

Baƙin tabarau ko kwanon ruwa ba za su wadatar ba?

Ba za su wadatar ba, ko da an jera tabarau uku a kan juna. Haka fim ɗin hoton ƙashi na asibiti, da gilashin da aka turara da hayaƙin fitila, da faifan CD, da baƙar leda. Duk suna rage ƙyalli har ido ya daina ƙiftawa, amma ba sa tare hasken yadda ya kamata, wannan kuwa shi ne ainihin tarkon. Kallon rana a cikin kwano ko bokitin ruwa, wanda mutane da yawa suke ɗauka dabara ce ta manya, shi ma yana dawo da hasken da ya fi ƙarfin ido. Hazo da siririn gajimare ma ba kariya ba ne.

Abin dogaro shi ne tabaran husufi mai ɗauke da lambar inganci ISO 12312-2, wanda ya fi baƙin tabarau duhu sau dubbai. Da yake ana buga lambar a kan jabu, a gwada shi: wanda ya sa shi a ɗaki bai kamata ya ga kujera ko taga ba, kuma idan akwai ƙarzuwa ko huji a jefar da shi. Gilashin walda mai lamba 14 yana yi, kada a sauka ƙasa da 12, sai dai yawancin wanda ake samu a shagon mai walda bai kai haka ba, wanda kuma ba a ga lambarsa ba a bar shi. A sa tabaran kafin a ɗaga kai, a sunkuyar da kai kafin a cire. Kada a leƙa ta madubin hangen nesa ko kyamara da tabaran a fuska, domin hasken da na'urar ta tara zai ƙona shi ya wuce. Irin waɗannan na'urori matatarsu daban ce, kuma a gabansu ake ɗaura ta.

Wanda ba shi da ko ɗaya fa?

Ya juya wa rana baya. A sami kwali a huda shi da allura, a bar haske ya ratsa hujin ya sauka a kan farar takarda ko bango, a kalli takardar. Idan tazarar ta kai mita ɗaya, hoton ranar zai kai kusan santimita ɗaya, ƙarami amma a fili, ana ganin yadda wata ke cin gefenta. Matsami mai huji-huji ko faifan da saƙarsa ta yi sako-sako zai zuba ɗaruruwan 'yan jinjirin wata a ƙasa. Mafi sauƙi ma a tsaya a ƙarƙashin darbejiya a dubi ƙasa, domin kowane ɗan tsakanin ganye yana aikin hujin allurar. Ga yara wannan ce hanyar da ta fi dacewa, saboda yaro zai ɗaga tabarau ya leƙa ta ƙasa da zarar babba ya juya.

Akwai lokacin da ake kallo da ido tsirara?

Husufin wata ana kallonsa daga farko har ƙarshe ba tare da komai ba. Na rana kuwa sai a cikakke, a 'yan mintunan da wata ya rufe ta ruf, kuma ga wanda yake cikin siririn layin da inuwar take bi kaɗai. Da ɗigon haske na farko ya ɓullo a gefe, a mayar da tabarau. A husufin zobe da na ɓangare babu wannan rangwame ko na daƙiƙa ɗaya.

Ƙasar Hausa ta ga irin wannan ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, lokacin da inuwar ta shigo ta Gana da Togo da Benin, ta bi ta kan Gusau da Katsina da Maraɗi da hantsi, ta nufi Libiya da Masar da Turkiyya. A irin wannan lokaci gari yakan yi duhu kamar bayan magariba, iska ta yi sanyi, kaji su nufi akurki, Zara matar wata ta fito da rana tsaka, a kuma ga wani farin haske mai laushi kewaye da baƙin faifan wata. Lissafi ya nuna cikakken husufin 2 ga Agusta, 2027 zai bi ta Maroko da Libiya da Masar, inda zai haura minti 6 a kusa da Luxor, ya ratsa Jidda da Makka, a ƙasar Hausa kuma na ɓangare za a gani, wato tabarau ko kwali daga farko har ƙarshe. Na 20 ga Maris, 2034 shi ne zai sake kawo cikakkiyar inuwar a Nijeriya, ya shigo ta wajen Legas, ya wuce Kamaru da Chadi da Sudan.