Zagayen farko ya wuce ni, akwai sauran dama? Amsa ga likitocinmu masu neman gurbin horo a Birtaniya

Tunda aka gama rabon guraben horon ƙwarewa na bana ƙannenmu likitoci suke ta turo min tambaya kusan iri ɗaya, wasu suna nan Ingila suna aikin kwantiragi a asibitocin NHS, wato na gwamnatin Birtaniya, wasu kuma har yanzu suna gida sun ci PLAB, jarabawar samun izinin aikin likita a Birtaniya, suna jiran rajistar GMC, hukumar rajistar likitocin ƙasar. Toh bari in haɗa su in amsa gaba ɗaya.

Wai zagaye nawa ne a shekara?

Duk ta shafin intanet na Oriel ake nema, babu wata hanyar bayan fage. Zagaye na 1 shi ne babba, na masu shiga matakin farko wato CT1 da ST1, ana buɗe shi wajen ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, a fara aiki Larabar farko ta Agusta. Na 2 mutane suna yawan ruɗewa a kansa, suna ɗauka dama ta biyu ce ga wanda ya faɗi na 1, alhali shi na manya ne, masu shiga matakin gaba wato ST3 ko ST4. Wanda kuke nema shi ne na 3, ana buɗe shi wajen ƙarshen Yuli zuwa Agusta, a fara aiki a Fabrairu. Wani lokacin kuma idan gurbi ya yi saura sukan sake tallata na 1 ɗin.

Ko wane fanni ne ke fitowa a zagayen baya?

A'a fa. GP, wato likitan iyali, da fannin ƙwaƙwalwa, wato taɓin hankali, su ne suka fi fitowa, dukkansu shekara 3 ne a wannan matakin, sai fannin sa barci a tiyata shima yakan ɗauki 'yan Fabrairu. Idan zuciyarka na kan wani ƙaramin fanni mai tsananin gasa kamar tiyatar ƙwaƙwalwa ko ido, kar ka zauna jiran Agusta, Nuwamba ce kasuwarka.

An ce zagayen baya ya fi sauƙi, don shi ne na baƙi. Gaskiya ne?

Wannan maganar tsohon labari ce da yayyenmu suka bar mana. A da akwai ƙa'idar cewa sai an tabbatar babu ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da zai cike gurbin kafin a ba mai neman biza, shi ya sa likitan da ya zo daga Najeriya ko Sudan ko Fakistan yawanci sai dai ya jira abin da ya ragu. A Oktoban 2019 aka saka likitoci cikin jerin ayyukan da ake ƙarancin ma'aikata, daga nan kowa ya samu damar shiga zagaye na 1 kai tsaye. Abin ya yi mana daɗi, amma masu nema suka yi ta ninkuwa gurabe kuwa basu ƙaru haka ba, kuma duk wanda bai samu a na 1 ba ai zagayen baya zai gangaro, har da 'yan ƙasar da suka gama shekara biyunsu ta farko ta aiki bayan kammala karatu basu samu wuri ba. Gurabe kaɗan, mutane rututu, kuma da yawansu sun taɓa zana jarabawar tantancewa ta MSRA sun san ta. Sannan a Yulin 2025 gwamnati ta faɗa a shirinta na shekara 10 kan lafiya cewa zata fifita waɗanda suka yi karatun likita a Birtaniya. Saboda haka dan Allah ka karanta ƙa'idar shekarar da kake nema da idonka, kar ka hau kan abin da Yaya wane ya yi a 2021.

Toh me zai sa in wahalar da kaina?

Saboda wata shidan da ke tsakanin farawa a Fabrairu da jiran Agusta ba wasa ba ne, ballantana ga wanda bizarsa ke rataye da kwantiragin shekara ɗaya. Kuma ko baka samu ba ka sake ganin MSRA ido da ido kafin ta Janairu. Ita wannan jarabawar a kwamfuta ake yinta a cibiyoyin Pearson VUE, kashi biyu ce, minti 95 na yadda zaka yi hukunci idan ka shiga tsaka mai wuya a wurin aiki, sai minti 75 na tambayoyin asibiti zalla. Mu 'yan gida kashi na biyun baya bamu tsoro, na farkon ne yake kada mu, don tarbiyyar aikin ta bambanta, a gida an koya maka kar ka tsallake babba ka yi shiru ka gyara, a nan kuwa so ake ka faɗa wa mara lafiya gaskiya in an yi kuskure ka kuma kai rahoto ko da konsoltan ne, wato babban likita. A GP da ƙwaƙwalwa makin MSRA ne ke jera mutane, maki kaɗan na iya raba ka da garin da iyalinka suke. Ta zagaye na 3 wajen Satumba ake yinta, kaga lokacin karatun gajere ne sosai.

Wace takarda ce ta fi kada mutane?

CREST, wallahi CREST. Duk wanda bai yi shekara biyun farko ta Birtaniya ba sai ya kawo wannan fom ɗin, konsoltan da ya yi aiki da kai aƙalla wata 3 cikin shekara uku da rabi kafin ranar fara aiki ne zai sa hannu, ya shaida ka iya duk abin da aka lissafa. Ni kaina ya taɓa kusan kada ni. Na kai wa wani konsoltan fom ɗin, ya ajiye a ofis sati uku ina bin sa a barandar wodi kamar mai bin bashi, ranar da ya sa hannu na yi sikanin cikin murna na ɗora, ashe akwai layi ɗaya a shafin tsakiya da ya tsallake. Saƙo ya shigo cewa in gyara cikin 'yan kwanaki ko a cire ni, mutumin kuma ya tafi hutu. Sai da sakatariyarsa ta tausaya min ta nemo shi. Ka duba shafi-shafi, kuma ka tabbata fom ɗin na shekarar ne ba tsohon da wani ya turo maka ba.

Sai tarihin aiki. Duk giɓin da ya kai sati 4 sai ka yi bayaninsa, har watannin da ka zauna gida bayan hausmanshif kana jiran bautar ƙasa. Kuma yawan ƙwarewa ma yakan zama matsala, horon tiyata na matakin farko baya karɓar wanda ya wuce wata 18 yana aikin tiyata, wanda ya daɗe yana rejistira a asibitin koyarwa a gida ya lura.

Ƙarfe nawa ake rufewa?

Ƙarfe 4 na yamma agogon Birtaniya, kuma ko minti ɗaya basa ɗaga ƙafa, babu ruwansu da an ɗauke wuta ko netwok. A Agusta agogonsu ɗaya da na Najeriya da Nijar, a Nuwamba kuwa 4 ɗinsu 5 ɗinmu ce.

Idan aka bani wurin da bana so fa?

Awa 48 kake da ita, ban da ranakun hutu, ka karɓa ko ka riƙe ko ka ƙi, in ka yi shiru an ɗauka ka ƙi. Zaka iya karɓa ka kunna zaɓin a ɗaga ka zuwa wurin da ka fi so in wani ya saki. Amma tun wajen jera zaɓi kar ka saka garin da ka san ba zaka je ba. A zagayen baya Landan da Manchester basu cika saura ba, abin da ke fitowa yawanci can gefe ne irin su Lincolnshire da Cumbria da garuruwan bakin teku. Ka zauna da madam ko maigida tun kafin, a duba makarantar yara, masallaci, inda za a samu naman halal, da ko sai an sayi mota.

Zan iya karɓa in fara, in kuma gudu a Agusta?

Canza fanni gaba ɗaya yana yiwuwa, ka sake nema kamar kowa. Amma in ka ajiye horo sannan ka dawo neman wannan fannin dai, sai ka kawo fom na goyon baya daga shugabannin horon da ka bari, kuma ɗage ranar farawa sai da dalili irin haihuwa ko rashin lafiya. Masu aikin kwantiragi kuma ku duba wata nawa ne notis ɗinku, don sakamako na fitowa dab da ƙarshen shekara, ga sabuwar takardar ɗaukar nauyin biza da za a jira kafin Fabrairu.