Sifana mai baƙon suna: tana da ƙarko, kuma wa zai canza ta idan ta karye?

Wanda ya shiga layin masu kayan aiki a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Katako ta Yamai, zai lura cewa sunayen da tsofaffin makanikai da kafintoci suka saba da su, irin su Gedore da Stanley, sun zama tsiraru a kan kanta. Yanzu su Ingco da Total da Tolsen ne suka cika ido. A manyan shaguna da na intanet kuma za ka ci karo da King Tony, Toptul, Yato ko Taparia, ga tarin waɗansu da yau ka gan su, gobe ka neme su ka rasa. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kayan Turai suka ƙara fin ƙarfin mai ƙaramin gareji. Sayen baƙon suna ya riga ya zama dole ga mafi yawan masu sana'a. Abin da ya rage shi ne sanin wanne za a ɗauka.

Su wane ne ke ƙera waɗannan kayan?

Akwai garuruwan da suka yi suna a duniya wajen ƙera sifanu da filayoyi. A Jamus akwai Remscheid, inda aka kafa Gedore a 1919, da maƙwabciyarta Wuppertal, garin Knipex da Stahlwille. A Taiwan akwai yankin Taichung, can King Tony da Toptul suke. A Indiya, Jalandhar da Ludhiana na jihar Punjab sun yi suna wajen sifana, Taparia kuwa ya soma aiki a 1969 da haɗin gwiwar kamfanin Bahco na Suwidin. Ingco da Total da Tolsen na China ne, kuma wannan Total ɗin ba shi da wata alaƙa da gidan man da ka sani. Yato na kamfanin Toya ne na ƙasar Poland, amma akasarin kayansa a Asiya ake yin su.

Abin lura shi ne mai suna daban, mai masana'anta daban. Masana'anta ɗaya tana iya buga sifana wa kamfanoni goma, kowa da irin ƙarfen da ya biya da irin gwajin da ya nema. Don haka zancen "kayan China ne, ba su da kyau" ba ya kai mutum ko'ina, tunda manyan kamfanonin Amurka ma suna ba da aiki a can da Taiwan. Ni a wurina baƙin sunaye kashi biyu ne. Akwai wanda baƙo ne a wurinmu kawai, amma yana da adireshi, da littafin kaya, da lamba ga kowane soket na kwance noti. Akwai kuma wanda ɗan kasuwa ya ƙirƙira don kwantena ɗaya, aka buga masa "Germany" a jiki, kwantenar na ƙarewa sunan ya mutu.

An rubuta Cr-V a jiki. Wannan bai isa shaida ba?

Bai isa ba. Cr-V na nufin an gauraya ƙarfen da sinadaran kuromiyam da banadiyam, kuma da gaske shi ne ƙarfen da ya dace da sifana da soket. Sai dai buga haruffa uku a jikin ƙarfe ba ya cin ko kwabo, kuma babu wanda ke tsaye a bakin kasuwa yana auna gaskiyarsu. Haka rubutun DIN 3113, ma'aunin Jamus na sifana mai baki a gefe ɗaya da zobe a ɗaya gefen: mai ƙera ne da kansa yake cewa ya bi shi.

Ko ƙarfen ya kasance na gaske, ƙarko yana wurin gashi. Maƙeranmu sun san wannan tun kafin masana'anta: a gasa ƙarfe, a tsoma shi ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada taurin ya yi yawa. Wanda bai gasu ba laushi yake yi, bakin sifana ya buɗe, ta zame ta cinye kusurwoyin noti. Wanda ya yi tauri fiye da kima kuma karyewa yake farat ɗaya, shi ne mai fasa wa mutum yatsu a jikin inji. Wannan mataki yana cin wuta da lokaci, kuma ba a ganin sa da ido, shi ya sa nan ne mai son rage kuɗi yake fara yanke hanya. Ma'aunin ISO 1711 ya fayyace taurin da ake bukata da ƙarfin murɗawar da kowace lambar sifana za ta jure, amma kamfanin da ke tsoron zubewar sunansa ne kaɗai yake damuwa ya gwada.

Sai bambancin bugu da zubi. Sifanar kirki buga ta ake yi da babbar gudumar inji tana da zafi. Ta banza narka ƙarfe ake yi a zuba a mazubi. Idan ta zubi ta karye, dubi wurin karayar, za ka gan shi tsaki-tsaki, toka-toka.

To a tsaye a shago, me zan duba?

Ka tafi da sabon noti a aljihu, mai lamba 10 da 13 ko 14. Zura bakin sifanar a kai ka girgiza. Ɗan motsi kaɗan dole ne, amma idan tana kaɗawa har kana jin ƙas-ƙas, ajiye ta, noti mai tsatsa ɗaya zai gama da ita. Shafa yatsa a gefenta: idan farin fentin ƙarfen yana ɓarewa tun tana sabuwa, gobe shi zai yanke ka. Filaya kuwa rufe ta za ka yi ka ɗaga ta saitin rana. Idan haske yana ratsowa tsakanin haƙoran yanka, ba za ta yanke siririyar waya ba, tauna ta za ta yi. Buɗe ta da hannu ɗaya ka ji ko ƙusar tsakiya tana lilo. Sukudireba mai bakin kuros, ɗora ta a kan sukuru ka ga ko ta zauna daram ba tare da ka danna ba.

Racet, wato hannun da ake ɗora wa soket a murɗa, ya fi son natsuwa. Juya shi a hankali kusa da kunne, ƙarar ta zo daidai, ba wurin da ta tsallake. Mai haƙori 72 digiri 5 kawai yake bukata ya kama, mai 36 kuwa digiri 10, shi ya sa na farkon ya fi daɗi a matsattsen wuri. Duba bayan kansa: idan da sukurori aka rufe, ana iya buɗewa a wanke a sa mai, har a canza haƙori idan an samu.

Bayan duk wannan, kada ka soma da babban akwati. Sayi guda ɗaya a lambar da ka fi wahalarwa, ka ba ta wata guda a gareji. Idan ta fita lafiya daga hannun yaran gareji, sai ka koma ka sayi 'yan'uwanta.

Ana cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ba gara a daure a sayi mai tsadar ba?

Ba a kowane abu ba. Guduma, tef na awo, babbar sifanar da sai an jima ake ɗauko ta, soket mai lamba 10 da ɓata yake yi kafin ya tsufa, duk waɗannan matsakaicin kaya ya wadatar. Mai gyare-gyaren gida ma bai da dalilin sayen kayan Jamus.

Abu uku ne ban yarda a yi ciniki da su ba. Na farko kayan mai aikin wuta. Roba ja da rawaya a hannun filaya ba kariya ba ce. Ta gaske tana bin ma'aunin IEC 60900, ana gwada kowace ɗaya da wutar lantarki mai ƙarfin bolt 10,000 kafin a amince a yi aiki da ita har bolt 1,000, kuma za ka ga alamar zane mai kusurwa uku guda biyu a haɗe da rubutun 1000V a jikinta. Wannan a saye shi wurin dilan da aka sani. Na biyu sifanar auna ɗauri, wadda ake ɗaure kan inji da ita. Idan tana ƙarya ba za ka sani ba sai gasket ya ƙone. Ma'aunin ISO 6789 ya ba da shawarar a sake saita ta bayan wata 12 ko ɗauri 5,000, saboda haka ka tambayi inda za a saita maka tun kafin ka biya. Na uku soket ɗin da za a sa wa injin kwance noti mai aiki da iska ko batir. Baƙin soket mai kauri, wanda galibi ake rubuta wa Cr-Mo, wato kuromiyam da molibdinam, shi aka yi don wannan. Farin soket na hannu yana iya tarwatsewa ya nufi ido.

A kwalin an ce garanti na har abada. Gaskiya ne?

Gaskiya ne a ƙasar da aka yi alkawarin. A Amurka, motar kamfanin kayan aiki na Snap-on tana zagaya gareji-gareji, makanike ya miƙa karyayyen soket a ba shi sabo. Kayan aikin Craftsman sun yi suna ne saboda mutum yana shiga kowane shagon Sears, kamfanin da ke da sunan a lokacin, ya canza. Da Sears ya sayar da sunan ga Stanley Black & Decker a 2017, ya kuma nemi kariyar kotu saboda bashi a 2018, shagunansa suka yi ta rufewa, sai da sabon mai sunan ya ci gaba da garantin ta waɗansu shaguna. Ko a can ɗin, alkawarin yana tafiya ne da ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

A nan fa? Idan ɗan kasuwa ya sayo kayan da kansa daga Dubai ko Guangzhou, kamfanin bai san da zamanka ba, kuɗin aika sifana ɗaya waje kuma ya ninka kuɗinta. Garantin da ke aiki shi ne na kamfanin da yake da wakili a ƙasa, da shago mai ɗauke da sunansa, ko kuma na mai shagon da ya san fuskarka. A nan ne wani baƙon suna mai wakili a gari yake fin babban suna marar wakili amfani.

Sannan a karanta sharuɗɗan. Kusan duk garanti laifin ƙira yake rufewa, ban da cinyewar yau da gobe, ban da amfani ba bisa ƙa'ida ba. Zura wa sifana dogon bututu a hau kai da ƙafa, dukan ta da guduma, mayar da sukudireba kurfi, duk sun fitar da kai, kuma mu faɗi gaskiya, haka ake aiki a yawancin garejinmu. Sifanar auna ɗauri ma ba ta cika shiga alkawarin har abada ba, wa'adinta gajere ne.

Idan mai shago ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa?

A Najeriya dokar gasa da kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka fito da aibi cikin wata uku, a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Rubutun da ke ƙasan rasit bai soke wannan ba. Amma ba wanda zai yi zaryar ofis a kan filaya ɗaya, don haka a gama magana tun kuɗi suna aljihu: "Alhaji, in ta buɗe baki cikin wata ɗaya zan dawo da ita, ka yarda?" In ya yarda, ya rubuta a rasit, da sunan kayan da lambarsa. In ya soma kame-kame, shi ma ya san abin da yake sayarwa.

Idan guda ɗaya ya ɓata a cikin saiti, zan samu madadinsa?

Wannan tambayar ta fi ta garanti muhimmanci, don kayan aiki sun fi ɓata a kan karyewa. Tambayi mai shago ko yana sayar da ɗai-ɗai. Kamfanin da saiti kaɗai yake kawowa zai sa ka sayi goma sha biyu don neman ɗaya. Sauƙin abin shi ne mazaunin soket iri ɗaya ne a duniya, kwata, uku bisa takwas, da rabin inci, don haka soket ɗin wani kamfani yana hawa racet ɗin wani. Haƙoran cikin racet ne ba sa shiga na juna.

Ka kuma ƙirga lambobin da ke cikin akwatin, kada yawan da aka rubuta a murfi ya ruɗe ka, rabinsa ƙananan kawunan sukudireba ne. Mai gyaran Toyota da Honda yana rayuwa ne a kan 8, 10, 12, 14, 17 da 19. Mai Peugeot da Volkswagen yana bukatar 13 da 16 da masu bakin tauraro. Saiti mai araha yakan tsallake ainihin wadda kake nema.

Na hannu na Beljiyam fa?

Tsohuwar sifanar Jamus da ba ta buɗe baki ba takan fi sabuwa marar asali, kuma babu batun garanti, abin da ka gani shi ka saya. Gwada ta da noti kamar sabuwa, ka duba zoben ko ya tsage, ka guji wadda aka yi wa walda ko aka gasa ta aka lanƙwasa. Ka kuma karanta lambar da kyau, don ana cakuɗa na inci da na milimita a tire ɗaya. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba zai hau noti mai 13 ba, sifana mai 13 kuma za ta yi sako-sako a kan notin rabin inci har ta cinye shi.