Waiwaye: Yadda aka sa kogi ya ba da wutar lantarki

Tun kafin a san lantarki mutane ke sa ruwa aiki. A kafa ƙaton wili na katako a bakin kogi, ruwa ya tura shi, shi kuma ya juya dutsen niƙa. Dabarar tashar lantarki ta ruwa ba ta yi nisa da wannan ba. Ana tare kogi da madatsa, a sako ruwan daga sama ta cikin wani ƙaton bututu, ya faɗo da ƙarfi kan fukafukan inji, injin ya juya janareta. Ruwan kuma ya fita ta ƙasa ya ci gaba da tafiyarsa, ba a ƙona komai ba.

A 1878 ne wani attajiri a Ingila, William Armstrong, ya kunna fitila a gidansa na Cragside da wutar da ya samo daga ruwa. Bayan shekara huɗu aka buɗe wata 'yar tasha a garin Appleton na Amurka, wadda ƙarfinta bai wuce kilowat 12.5 ba. Matsalar wancan lokaci ita ce wutar ba ta zuwa nesa. A 1896, da aka janyo wuta daga gangaren ruwan Niagara zuwa birnin Buffalo da fasahar Nikola Tesla, aka ƙara tabbatar da cewa ba dole sai masana'anta ta tare a bakin kogi ba.

Daga nan abin ya koma gasa. Amurka ta kammala madatsar Hoover a 1936. Ƙasashen Afirka da suka samu 'yanci suka ɗauki madatsa tamkar shaidar cewa su ma sun kawo ƙarfi. Babu inda wannan ya fito fili kamar Masar. Da Amurka ta janye alƙawarin kuɗin gina madatsar Aswan a 1956, shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya ƙwace mashigin Suez don ya samu kuɗin aikin, Tarayyar Sobiyet kuma ta shigo da kuɗi da injiniyoyi, aka gama aikin a 1970. Lokacin da ruwa ya doshi gumakan Abu Simbel, duniya ta yi karo-karo, aka yanyanka su gunduwa-gunduwa, aka ɗaga su mita 65 sama aka sake harhaɗawa. Mutanen Nubiya kimanin dubu ɗari da ruwan ya cinye ƙauyukansu kuwa, ba su ga irin wannan gatan ba. Haka aka tashi 'yan ƙabilar Tonga kusan 57,000 saboda madatsar Kariba da ke kan iyakar Zambiya da Zimbabwe, aka tashi wajen mutum 80,000 saboda Akosombo a Ghana. Madatsar Three Gorges ta China, wadda ta fi kowace ƙarfi da megawat 22,500, ta raba mutum fiye da miliyan ɗaya da gidajensu.

A 2000 Hukumar Madatsun Ruwa ta Duniya ta ƙiyasta cewa manyan madatsu sun tashi mutum miliyan 40 zuwa 80. Kafin rahoton ma masu ba da rance sun fara ja da baya, har wasu suka ɗauka zamanin manyan madatsu ya wuce.

Maganar sauyin yanayi ce ta dawo da su. Waɗanda suka gina Hoover da Aswan ba hayaƙi ne ya dame su ba, wuta mai araha da ruwan noma suke nema; laƙabin "makamashi mai sabuntuwa" daga baya aka liƙa. Kuma laƙabin yana da gaskiya, domin rana na ɗaga ruwa daga teku, damina ta dawo da shi, kogi ya sake cika. Yau wajen kashi 15 cikin ɗari na lantarkin duniya daga ruwa yake, Norway kuwa kusan kashi 90. Habasha ta soma gina madatsarta a kan kogin Nilu a 2011, ta ƙaddamar da ita a Satumban 2025 da ƙarfin megawat 5,150, duk da ƙorafin Masar da Sudan.

Sai dai ruwan ne ke sabuntuwa, madatsar tsufa take yi. Laka na taruwa a gindin tafki shekara da shekaru tana cinye wurin ruwa, kuma a ƙasashe masu zafi ciyayi da itatuwan da suka nutse suna ruɓewa su fitar da iskar methane mai ƙara ɗumamar yanayi. Ga kuma fari. A 2024 ruwan Kariba ya ja baya har gidaje a Zambiya suka riƙa yin sa'o'i 20 ko fiye babu wuta, kamar yadda fari ya sa aka rufe masana'antu a lardin Sichuan na China a 2022.

Shi ya sa ake ƙara karkata ga wani tsohon salo na tafki biyu, ɗaya a tudu ɗaya a kwari. Da rana, idan wutar sola ta yi yawa, a tura ruwa sama da famfo. Da magariba, lokacin da kowa ya kunna fitila, a sako shi ya juya inji.