Waiwaye: Yadda mutanen Big Sur suka riƙe hanyar bakin tekunsu

Tun da aka fara aikin babbar hanyar bakin teku daga Legas zuwa Kalaba a 2024, mai tsawon kilomita 700, zancenta bai bar majalisun Zariya ba, duk da nisanmu da teku. Daga Tudun Wada har Samaru, gardamar takan tsaya ne a kan kuɗin kwangila da gine-ginen da aka rushe a gaɓar Legas. Ba a cika tambayar wa zai kula da gefen hanyar bayan 'yan kwangila sun kwashe kayansu ba. Wata hanya a jihar Kalifoniya ta Amurka ta daɗe da fuskantar wannan tambaya.

Hanya mai lamba 1 ke nan, musamman inda ta ratsa yankin Big Sur, tsakanin Carmel da San Simeon: dutse a hannu ɗaya, tekun Pasifik can ƙasa a ɗaya hannun. Da can sai doki da alfadari. Wani likita daga Monterey, John Roberts, shi ya dage sai an yi ta, bayan wahalar da ya sha kafin ya isa wurin da wani jirgin ruwa ya yi hatsari kusa da Point Sur a 1894. An amince da kuɗin a 1919, aka yi ta fasa duwatsu da nakiya, har fursunonin gidan yarin San Quentin aka kwaso suka yi aikin. An gama gadar Bixby a 1932, aka buɗe hanyar gaba ɗaya a 1937.

Da hanya ta samu sai masu kuɗi suka hango kasuwa. Allunan talla suka fara tsirowa, ana maganar otal-otal da faɗaɗa titi. Gundumar Monterey ta hana kafa allunan, aka kai ta ƙara, ta yi nasara a kotu a 1962. A 1965 jihar ta ayyana wannan hanya a matsayin ta farko cikin hanyoyin da ake kare kyan gefensu, shekara ta zagayo uwargidan shugaban ƙasa, Lady Bird Johnson, ta je gadar Bixby aka yi bikin. Dokar gaɓar teku ta 1976 ta ce a yankunan karkara hanyar za ta zauna a layi biyu, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne abin da ya biyo baya. Wajen 1980 an kai ƙuduri majalisar tarayya don gwamnatin Washinton ta ɗauki ragamar kula da yankin. Mazauna wurin da dama suka ce ba su yarda ba, ƙudurin ya mutu. Amma ba su tsaya a ƙin yarda kawai ba. Sun shafe shekaru suna zama da jami'an gunduma, har aka fito da tsarin amfani da ƙasa na 1986, wanda ya ɗaure su kansu: in dai za a hango sabon gini daga kan titi, ba za a yi shi ba, ko da filin gadon mutum ne, in ban da 'yan wuraren kasuwanci da aka keɓe. Wata ƙungiya ta mazauna, Big Sur Land Trust, wadda aka kafa a 1978, tana sayen filaye ko karɓar su kyauta don kada a gine su.

Mu ma ba baƙin gayya ba ne. Duk damina za ka ga samari a hanyoyin unguwanni da shebur da baro suna cike ramuka da marmara, suna ɗaga wa masu mota hannu: "Alhaji, a taimaka da na ruwa." Allah ya saka musu. Sai dai gayya tana gyara abin da ya lalace ne, ba ta hana mai fili yin abin da ya ga dama. Wanda ya zagaya ganuwar Zazzau daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan ya ga yadda ɗibar ƙasa da gine-gine suka cinye ta a hankali, kowa na cewa ɗan nasa ba zai yi komai ba. A ganina, rashin yarjejeniyar da ta ɗaure kowa ne ya fi cutar da ita, ba ruwan sama ba.

Doka kuwa ba ta hana dutse zamewa. A Fabrairun 2017, bayan ruwan sama mai yawa, gadar Pfeiffer Canyon ta tsage har sai da aka rushe ta. A watan Mayu kuma zaftarewar ƙasa a Mud Creek ta binne titin daga kudu. Mutanen da ke tsakiya suka zama kamar a tsibiri. Mazauna da ma'aikatan gandun daji suka haɗu suka sare wata 'yar hanyar ƙafa a jikin tudu, ta nan yara ke zuwa makaranta, manya na goyo kayan abinci a baya. An buɗe sabuwar gadar a Oktoba, Mud Creek kuwa sai Yulin 2018, bayan hukumar tituna ta jihar, Caltrans, ta kashe kimanin dala miliyan 54.

Tsarin yana da nasa tsadar. Tun da an taƙaita gini, gidajen da ke akwai sun yi tashin gwauron zabi, masu dafa abinci da masu shara a otal-otal da yawa sai daga nesa suke zuwa aiki. Miliyoyin baƙi na bin hanyar duk shekara, alhali mazauna ba su wuce 'yan dubbai kaɗan ba, ga ƙarancin bayan gida da wurin ajiye mota. Gobarar Soberanes ta 2016, wadda ta ƙone gidaje 57, daga wutar da wani ya hura ba bisa ƙa'ida ba a dajin Garrapata ta tashi. Ɗaya daga cikin rigingimu masu zafi a tarukan mazauna a 'yan shekarun nan ita ce ta masu ba da hayar gidajensu ga baƙi na kwana biyu ko uku, a yankin da ma'aikaci ke neman ɗakin kwana ya rasa.