Mene ne "taɗ'im"? Kalmar asibiti da ta shiga shagon kafinta

Duk Bahaushen da ya zauna a Saudiyya ya san kalmar taɗ'im, amma akasari a asibiti ya fara jin ta. Ita ake faɗa idan za a yi wa yaro allurar rigakafi, ita kuma ake tambayar maniyyaci a kan allurar sanƙarau. Shi ya sa na yi sororo ranar da na ji kawuna, wanda ya tsufa yana kafinta a Jidda, yana ce wa wani tsohon hafsa: "Taɗ'im ɗin nan sai ka ba ni sati biyu." A gabansu kuwa ba komai sai wasu 'yan fallayen itace guda biyu, kowanne bai kai tafin hannu ba.

Kalmar ta fito ne daga tushe ɗaya da ɗa'am, wato abinci. Asalin ma'anarta a sa wa abu wani abu a cikin jikinsa har ya karɓe shi. Likita na sa magani a jikin mutum. Mai lambu na yanko reshen mangwaro mai daɗi ya aura wa wani, shi ma a Larabce taɗ'im ya yi. Kafinta kuma yana fafe itace, ya dasa azurfa ko tagulla ko ƙashi ko sadaf, wato cikin kumbar teku mai sheƙi, ya goge har su zama fata ɗaya. Da Hausa ni "dashe" nake cewa, don ban ga kalmar da ta fi ta kusa ba. Ya bambanta da sassaƙa, inda itacen kawai ake ragewa ba a ƙara masa komai. Idan kuwa zaren zinariya ko azurfa aka dasa a jikin ƙarfe, kamar a ruwan takobi, wannan takfit ne sunansa.

Fallayen da hafsan ya kawo na ƙotar fistol ne. Bindigar kanta tana gida, domin a ƙasar nan makami sai da lasisin Ma'aikatar Cikin Gida, kuma kafinta ba ruwansa da ita, itacen kawai yake buƙata. Wannan ado ya yi ƙarfi ne a Amurka, musamman saboda fistol ɗin da kamfanin Colt ya ƙera, wadda sojan ƙasar suka ɗauka a 1911 suka riƙe har 1985, lokacin da Beretta ta gaje ta. Ƙotarta fallaye biyu ne na itacen da Larabawa ke kira jauz, kowanne sukuru biyu ke riƙe da shi. Kwancewa ba wuya, don haka kowa na iya sa nasa. A Yaƙin Duniya na Biyu wasu sojojin sun riƙa yanko robar tagar jiragen da suka faɗi, mai kama da gilashi, su yi ƙota da ita su sa hoton matansu a ƙasa. Yau kuma ana dasa tambarin rundunar da mutum ya yi wa aiki, ko anga ta sojan ruwa, ko shekarun da ya yi a bakin aiki, a ba shi kyauta ranar da ya ajiye kaki. Hafsan namu takubba biyu da dabino yake so, wato tambarin Saudiyya, da azurfa.

Na zauna na kalli aikin, kuma a nan na gane dalilin sati biyun. Kawu ya fara yanke azurfar ne kafin ya taɓa itace. Ya ɗora takobin, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar yatsa ba, ya bi gefensa da bakin wuƙa mai kaifin aska. Sannan ya shiga fafe cikin layin kaɗan-kaɗan, yana hure garin itacen. Fallen gaba ɗaya kaurinsa kamar milimita 6 ne, ga shi da doro don ya zauna a hannu, saboda haka in ka zurfafa a gefe sai ka ɓula, in ka yi sama-sama kuma gogewa ta cinye adon. Ya gwada ya cire ya fi sau goma. Da ya zauna daram sai ya sa gam, ya bar azurfar ta ɗan fi itacen tudu, washegari ya bi da magagari, sannan samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi.

Na ce, "Kawu, me zai hana ka faɗaɗa ramin ka cike gefen da gam?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, itace yana numfashi, azurfa ba ta yi. Mutumin nan Riyad zai koma."

Gaskiyarsa ce. Iskar Jidda cike take da laimar teku, itace ya sha ya kumbura. A Riyad iska busasshiya ce, sai ya tsuke. Ƙarfen da ke ciki bai san ana yi ba. Idan itacen bai bushe sosai ba kafin aiki, ko ramin ya yi sako-sako, bayan 'yan watanni gefen adon zai taso yana kama fata, wataran ma ya fice. Ga gumin hannu da girgizar harbi suna ƙara nasu. Shi ya sa ake neman itace mai tauri, kamar jauz ko baƙin babanus na Sudan, wanda masu sana'a a kasuwar Omdurman suka daɗe suna yi wa dashen farin ado.

Farin nan a da hauren giwa ne, kamar yadda ƙotar jambiya mai tsada, wato wuƙar da mutanen Yaman ke sawa a ɗamara, ƙahon karkanda ce. An hana cinikin ƙahon karkanda tsakanin ƙasashe a 1977, na hauren giwa kuma a 1989. Yanzu ƙashin raƙumi ake sawa, kuma ni ban ga abin da ya rage ba, yana ɗaukar sheƙi ƙwarai.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda ake ara wa jabu sunan. Injin leza ya ƙona zane a cika da fenti, ko a manna hoto a zuba roba a kai, a ce maka muɗa'am ne, wato an yi masa dashe. Ni ma na taɓa sayen akwatin turare a wani shago a matsayin sadaf, rana ɗaya a cikin mota ya ɓare kamar ɓawon albasa. Sadaf na gaske in ka juya shi a haske launinsa na sauyawa, kuma yana da sanyi in ka kai shi kumatu.

Ranar da hafsan ya dawo, kawu bai miƙa masa fallayen nan take ba. Ya rufe ido, ya bi kan takubban da babban yatsa, sama da ƙasa, sau uku. A gindin dabinon ya tsaya, ya ce wa mutumin ya zauna a kawo masa shayi, ya sake ɗauko samfefa.